Rabin Watan Malam Isufu

Ƙwallo ɗaya tak aka ci a filin wasa na Filinge ranar nan, amma ta ishi Najiba baƙin cikin mako guda.

Najiba ma'aikaciyar gandun daji ce, kuma wurin da take renon itatuwa yana jikin filin, shingen ƙaya kawai ya raba su. Wata huɗu tana shayar da 'ya'yan dakwara da bagaruwa da gawo cikin ledoji, safe da yamma, a tsakiyar zafin bazara. Da ƙungiyar Walƙiya ta zura ƙwallo a ragar Damisa, sai wani dogon saurayi mai rataye da ganga ya daka tsalle, ya riƙa ja da baya yana kaɗawa, bai san inda yake sa ƙafa ba. Shinge ya harɗe shi, ya faɗa zaune daɓas a kan ledoji goma sha ɗaya.

"Kai! Kai mai ganga! Idanunka gida kab baro su?"

Ya ɗaga kai. Ya ga budurwa tsaye a kansa da butar ban-ruwa, hular aiki a kan kallabi, fuska a murtuke kamar ba ta taɓa dariya ba. Duk da haka sai ya ji ihun filin ya yi nisa da kunnensa.

"Mun ci," shi ne abin da ya fito daga bakinsa.

"Kun ci mi? Tashi min bisa itatuwa!"

Sunansa Ibrah, tela ne a bakin kasuwa. A Yamai ya tashi wurin kawunsa, shekara biyu ke nan da dawowarsa gida, kuma a cikin shekara biyun nan babu wanda ya kai shi haukan Walƙiya. Shi ne mai ganga, shi ne mai ba da waƙa, shi yake ɗinka musu tuta. Washegari da safe ya zo da sababbin ledoji, ya durƙusa yana cika su da ƙasa. Najiba ba ta ce masa sannu ba. Jibi ma ya dawo, gata ma haka, har ledojin da ya fasa suka ƙare ya koma neman wasu abubuwan gyarawa.

"Wai kai ba ka da aiki?" ta tambaye shi rana ta biyar.

"Ina da shi. Wanga ya hi shi daɗi."

Ta juya baya don kada ya ga murmushin, amma ya gani. Ran nan ya samu lambar wayarta.

Saƙonsa na farko ya shigo bayan la'asar: "Kaftin ɗina, na ɗinka aljihun wani bawan Allah a baya saboda tunaninki. Ki zaka ki ba shi haƙuri."

Ta amsa: "Mai ganga, ka warware ka sake. Kuma ni ba kaftin ɗin kowa ba ta."

"To Najina."

Ba ta amsa wannan ba. Sai dai ta karanta shi ya fi sau goma.

Soyayya ta kama su sosai, amma kada wani ya ɗauka Najiba ta daina jin haushinsa. Mutum ne da za ka yi masa zancen zaizayar ƙasa ya riƙa gyaɗa kai, kana rufe baki ya tambaye ka ko ka ga yadda golan Damisa ya faɗi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne taron filin nan.

"Dibi hwa," ta ce masa wata Lahadi, tana nuna cincirindon jama'a. "Mutum ɗari biyat cikin rana saboda hwata mai iska. Ni in na kira aikin gayya, mutum bakwai ka zuwa, biyat tsohwahhi."

"Ai ƙwallo daban ta, Najina."

"Ku dai daban na."

Da magana ta kai gida, sai ta ci karo da Malam Isufu, mahaifinta. Manomi ne mai ƙarancin magana, wanda in ya ce a'a ba ya ƙara bayani sai an matsa. Wannan karon Inna Balkisu, matarsa, ta matsa.

"Wasu na gudu, shi yana yi musu kuwwa," in ji Malam Isufu. "Wanga shi na aikin da za ni ba ɗiyata?"

"Tela na, Malam, yana da sana'a tai."

"Ni ganga nika ji, ban ji keke ba."

Ga kuma Mansur, ɗan wani babban dillalin shanu a kasuwar Baleyara, wanda ya daɗe yana aiko gaisuwa gidan. Mansur ɗin ne uban ƙungiyar Damisa, shi yake saya musu riguna da takalma. Ba mugun mutum ba ne, yana da fara'a da kyauta, sai dai Najiba ba ta jin komai in ta gan shi. Malam Isufu kuwa ya ce wannan aƙalla ba ya yawo da ganga.

Akwai abu ɗaya da yake ci wa tsohon tuwo a ƙwarya. Yana da gonar gado a kan tudu, gabas da gari, wadda ta koma fako: ƙasa ta daskare ta yi tauri, shekara goma sha biyu ko ciyawa ba ta fito ba. In an yi ruwa, sai ya zame a kanta ya gangara da ƙarfi yana cin gonarsa ta ƙasa, wadda ita ce take ciyar da gidan. Maganin abin sananne ne a nan ƙasar Kurfai. Ana haƙa ramuka masu siffar rabin da'ira, a tara ƙasar a bayansu, a bar bakinsu yana kallon tudu, don su tare ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Manoma suna kiransu rabin wata. Sai dai fakon Malam Isufu yana son ɗaruruwa, shi kuwa ƙarfinsa ya ja baya, 'ya'yansa maza suna ci-rani.

Bayan kwana uku Inna Balkisu tana yi masa naci, ya kira Najiba.

"Ki hwaɗa ma mai gangan ga, shi yi min rabin wata. In ya yi, shi zaka mu yi magana. In ruwan hwari ya sauka ban ga komi ba, za ni ba mutanen Baleyara amsa."

Najiba ta shiga ɗaki ta rubuta: "Ibrah, Baba ya sauko! Ya ce ka yi mishi rabin wata tukuna, sannan ka zaka ku yi magana. Na san da wuya gare ka, amma ka daure sabo da ni."

Amsa ta zo nan take: "Rabin wata kaɗai? Najina, ko cikakken wata yac ce sai in yi. Gobe za ni hwara. Ki sa ni addu'a."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yau kuma barkwanci ya motsa. Ba ta san ba barkwanci yake yi ba. Ita duk lokacin da ta yi masa zancen ramukan nan, da sunansu na Faransanci take kiransu, yadda aka koya musu a wurin aiki, shi kuma dama rabin kunne yake ba ta. Yaron Yamai ne, bai taɓa riƙe diga ba. Abin da ya fahimta shi ne tsoho yana so ya gwada haƙurinsa, ya nisanci 'yarsa kwana goma sha biyar. Saboda haka da safe ya kulle shago, ya rataye ganga a ƙusa, ya hau mota zuwa Bonkuku wurin goggonsa. Ya kashe waya ya sa a ƙasan jaka, don ya san in ya ji muryarta sau ɗaya ba zai iya cika alkawari ba.

Najiba kuwa tun da sassafe tana kan fako da diga biyu da shebur biyu. Ta jira har rana ta take. Ta kira, waya a kashe. Ta je kasuwa, shago a kulle. Ta tambayi Sule, amininsa, ya ce shi ma abin da ya sani shi ne Ibrah ya ce zai yi tafiya ta mako biyu, bai faɗi dalili ba.

Rana ta biyu ta rubuta: "Ina kake? Na kwashi rana bisa hwako ni ɗai."

Rana ta biyar: "In aikin ya hi ƙarhinka ka hwaɗa min. Gudu ba naka ba na."

Rana ta tara: "Mansur ya zaka yau, ya ce ma Baba zai kawo leburori. Baba ya dube ni, ni ko ban da bakin magana. Ka kyauta."

Rana ta goma sha uku ba ta rubuta komai ba, kuka ta yi. Haushi da kunya da kewa suka haɗe mata. Malam Isufu bai ce mata kin gani ba, kuma shirun nasa ya fi mata ciwo.

Rana ta goma sha shida da hantsi, sai ga sallama a ƙofar gida. Ibrah ne cikin babbar riga da ya ɗinka wa kansa, da ƙullin goro, ya rame, amma fuskarsa tana ƙyalli irin ta wanda ya ci jarrabawa. Ya durƙusa gaban Malam Isufu a zaure. Najiba ta laɓe a bayan ƙofa.

"Baba, na cika."

"Ka cika mi?"

"Rabin watan da kac ce. Kwana goma sha biyat cur, ban gan ta ba, ban kira ta ba. Hatta wasa biyu anka yi ban gani ba, Baba."

Malam Isufu ya daɗe yana kallonsa. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Ɗan nan, wa ab babanka?"

"Marigayi Abdurrazak, na unguwar kasuwa."

"Allah shi jiƙan shi. Manomi na, na san shi. Da yana da rai da ya ji kunya yau." Ya ɗaga murya. "Najiba! Zaka ki ɗauki baƙonki ki kai shi bisa hwako ki gwada mishi wata, tunda shi na sama kaɗai ya sani."

Suka kama hanya. Sai da suka hau tudu, ta nuna masa ramuka shida da ta haƙa ita kaɗai, sannan ta juyo.

"Wanga shi na rabin wata. Wanga! Sau nawa nay yi maka zance nai? Sau nawa, Ibrah?"

"Ai ba haka kika kiran shi ba…"

"Da kana saurare da ka gane! Ni ina nan ina kuka, kai kana Bonkuku kana shan hura kana ƙilgan kwana!"

Ya kunna wayarsa a nan gabanta, saƙonninta suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta su a tsaye. Da ya kai na rana ta tara sai ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa.

"Najina, wallahi don ke niy yi."

"Na sani. Shi ya sa haushin ya hi yawa."

Ta kalli gabas. Gajimare ya fara taruwa da yamma kwanan nan, tsofaffi suna cewa ruwa ba zai wuce kwana goma ba. Ta ce masa fakon yana son rami ɗari biyu da hamsin, kuma ƙaƙƙarfan mutum ba ya wuce uku a yini. Ya ce ta sake yi masa bayani tun daga farko. Wannan karon ya saurara da kunne biyu: inda baki yake kallo, inda ake tara ƙasa, da abin da yake faruwa in an juya shi.

Da yamma ya je fadarsu, inda magoya bayan Walƙiya suke shan shayi, ya roƙe su. Suka yi masa dariya har wani ya ƙware.

"Mu magoya baya na, ba leburori ba," in ji ɗaya.

Washegari mutum uku suka zo, har da Sule. Suka haƙa bakwai, tafin hannun Ibrah ya yi ƙuruje ya fashe. Ya zauna yana kallon faɗin fakon, ya ga a haka ruwa zai sauka ba su gama ba.

"Mutanen ga da za su iya bin mota a ƙasa har Damana in Walƙiya na wasa," ya ce wa Sule. "Mi as sa ba su iya hawa tudun ga?"

"Can akwai wanda za a kayar. Nan wa za mu kayar, ƙasa?"

Ibrah ya juyo ya kalle shi, dabara ta faɗo masa.

Ranar Lahadi Walƙiya da Damisa suka sake haɗuwa. Ana tafiya hutun rabin lokaci, Ibrah ya rataya ganga, ya ratsa tsakiyar fili shi kaɗai, ya tsaya gaban magoya bayan Damisa ya fara waƙa. Ya ce 'yan Damisa hannun lalle gare su, in suka ɗaga diga sai an kai su likita. Ya ce ƙarfinsu duk a maƙogwaro yake. Filin ya ɗauka. 'Yan Damisa suka miƙe suna kumfar baki, sai da 'yan sanda biyu suka matso.

"In ƙarya nika yi, ku hito ran Asabar bisa hwakon Malam Isuhu!" ya faɗa da ƙarfi. "Ku da gehenku, mu da namu. Rabin wata guda, ci guda!"

Duk ido ya koma kan Mansur, yana zaune a kujerar gaba. Gaban yaransa ne, babu hanyar ƙi. Ya miƙe yana murmushi ya ce sun karɓa, ya kuma ƙara da cewa kowa ya san abin da mai nasara zai ɗauka.

Kafin magariba zancen ya zaga gari, ya iso kunnen Najiba. Ta rubuta: "Ni kohi ta da za a yi wasa a kaina? Kai da Mansur duk ku kiyaye ni."

Ya amsa: "Ban ce haka ba, Najina, shi yac ce. Ni mutane kaɗai nika nema ma hwako."

"To ka samu. Allah shi sa kada ku kashe juna bisa gonar Baba."

Ranar Asabar, tun bayan sallar asuba, tudun ya cika. Najiba ta tsaya baki buɗe. Shekara biyu tana bi gida-gida tana roƙo, yau ga samari sun fi ɗari da hamsin da diga da shebur, wasu aro suka yi, wasu da rigunan ƙungiya, mata sun biyo da jarkokin ruwa da ƙwaryar fura. Daɗi ya kama ta, haushi ma ya kama ta. Shugabanta a wurin aiki, wanda ake kira Mushe Sahabi, wato Malam Sahabi da Faransanci, shi aka naɗa alƙali. Ya raba fakon biyu da igiya, ya zana wuraren haƙa da toka, ya ce duk ramin da ba a yi daidai ba zai soke shi. Malam Isufu ya samu gindin wata aduwa ya zauna. Mansur ya tsaya jikin motarsa cikin farar shadda yana raba wa yaransa ruwan leda.

Aka busa usur. Ƙura ta tashi, diga tana tartsatsi a kan fako. Ibrah yana haƙawa, in ya ga mutanensa sun yi sanyi ya ajiye diga ya ɗauki ganga, sai ka ga hannuwa sun ƙara sauri. Duk ramin da aka gama sai ihu ya tashi kamar an zura ƙwallo. Da aka yi hutu, Walƙiya tana da saba'in, Damisa sittin da ɗaya.

Bayan hutu 'yan Damisa suka haukace da aiki. Suka ƙure inda tokar Mushe Sahabi ta tsaya, suka wuce can ƙarshen gona inda gangaren ya karkata, suka ci gaba da haƙa yadda suka saba. Najiba ce ta fara hangowa. Ramukan sun ba tudu baya. Ta ruga tana ɗaga hannu, Mushe Sahabi yana busa usur, amma wa zai ji usur cikin mutum tamanin da suke ganin an sha gabansu?

Sule ya kama hannun Ibrah yana dariya. "Yi kurum! Bar su su yi ta yi. Alƙali zai soke su duka, mun ci ke nan. Najiba taka ta."

Ibrah ya kalli wurin. Daidai saman gonar Malam Isufu ta ƙasa ne. In aka bar su a haka, ruwan farko zai tattaru ya bi ta gefensu ya sauka kan hatsin gidan da ƙarfin da ya fi na da. Babu kuma wanda zai sake tara jama'ar nan kafin ruwa. Ya kalli mutanensa, ya kalli Najiba tana ta kuwwa muryarta ta dishe.

Ya ɗauki ganga ya tsallake igiya.

Ya shiga tsakiyar 'yan Damisa ya buga kiɗan tsayawa, wanda duk mai zuwa filin Filinge ya sani. Diga suka tsaya a sama. Ya nuna musu inda ruwa yake fitowa, ya karɓi shebur a hannun wani ya fara kwashe ƙasar yana mayarwa ɗaya gefen. Suka yi ta kallonsa, sannan suka bi. Da ya ga sun karaya saboda aikin ya dawo baya, sai ya rataya ganga ya kaɗa musu. Mai gangan Walƙiya yana yi wa Damisa kiɗa, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa ƙungiyoyin.

Can gefen Walƙiya kuwa hannuwa suka mutu. Wasu suka jefar da diga suna zaginsa. Da aka busa tashi gab da azahar, Mushe Sahabi ya zaga ya ƙirga: Damisa ɗari da talatin da huɗu, Walƙiya ɗari da ashirin da bakwai.

'Yan Damisa suka ɗaga Mansur sama da farar shaddarsa. 'Yan Walƙiya suka watse suna cewa Ibrah ya sayar da wasa, kada ya sake ya zo fada. Har Sule bai tsaya ba. Malam Isufu ya tashi daga gindin aduwa, ya bi ramukan nan layi-layi yana taka bayansu da ƙafa, ya sauka gida.

Da la'asar saƙo ya shigo wayar Najiba: "Na hwaɗi, Najina. Na rasa wasa, na rasa abokai, ina jin ke ma na rasa ki. Ki yahe min."

Ta share hawaye ta rubuta: "Kai dai ba ka taɓa gane abu da wuri ba. Baba ya ce ka zaka gobe da hantsi. Gobe Lahadi. Gidanmu. Da ƙahwarka. In akwai kalmar da ba ka gane ba ka kira ni."

Washegari Ibrah ya iso ya tarar Mansur ya riga shi, da wani kawunsa. Malam Isufu ya fara da yi wa Mansur godiya, ya ce yaransa sun yi aikin maza, Allah ya saka. Sannan ya ce shi bai taɓa sa 'yarsa a gasa ba, kuma ya tambaye ta tun jiya ta faɗi wanda take so. Ya juya ga Ibrah.

"Kai kuma. Kuna gaba, mi yak kai ka wajen abokan karawarka?"

Ibrah ya sunkuyar da kai. "Baba, igiyar ta raba mu. Gonar ko guda ta."

Tsohon ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Turo magabatanka. Gangar kuma a bar ta waje in an zaka gidana."

Mansur ya ji zafi, ya nuna a fuskarsa, amma ya miƙa wa Ibrah hannu kafin ya fita. Ya ce Damisa dai ta ci, kada a manta da wannan.

Ruwa ya yi nawa, bai zo cikin kwana goman da tsofaffi suka ce ba. Sai da aka sa ranar ɗaurin aure, aka kafa rumfa, aka yi girki, sannan ya ga dama. Da asubar ranar ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke da hantsi. Liman ya zo, dangin ango sun zo daga Bonkuku da Yamai, an shimfiɗa tabarmi a inda ya bushe. Aka nemi samarin gari aka rasa. Aka nemi uban amarya, shi ma babu shi.

"Yau ni Balkisu na ga ta kaina!" in ji Inna, tana tafa hannu a tsakar gida. "Ango ya ɓace kwana goma sha biyat, yanzu kuma uban ɗiya!"

Najiba tana ɗaki cikin ƙawaye, lalle a hannu, ta ce a miƙo mata waya. "Ango, tashi ka hau hwako. Can Baba yake, na rantse. Ka maido min shi."

Ibrah ya tattare babbar riga ya hau babur. Tun daga nesa ya jiyo hayaniya. 'Yan Walƙiya da 'yan Damisa ne cike da tudu, suna gardamar ramukan wa suka fi riƙe ruwa. Sule ya hango shi ya taho da gudu ya rungume shi, ya manta ba sa magana.

Malam Isufu yana can gefe shi kaɗai, takalmi a hannu, ƙafafunsa cikin laka. Gabansa ramuka sama da ɗari biyu da saba'in, kowanne cike da ruwa yana ƙyalli, tun daga saman tudu har ƙasa. Gonar hatsin kuwa ko tsagewa ba ta yi ba.

"Baba, liman na jira."

Tsohon bai juyo ba. "Nan babana yak koya min riƙon hauya," ya ce. "Na ɗauka sai na mutu ban sake ganin ruwa ya tsaya nan ba."

Ya goge ido da hannun riga. Sannan ya dafa kafaɗar Ibrah ya hau bayan babur ɗin, samari suka biyo su a guje har ƙofar gida.

Haka ya shiga rumfa, laka har gwiwa, Inna Balkisu tana leƙowa tana salati. Bai tsaya wanke ƙafa ba. Ya zauna kusa da liman ya ce, "A ɗaura. Na ba ɗana Ibrah ɗiyata Najiba, da zuciya guda."

Aka shafa fatiha. Guɗa ta tashi daga cikin gida, Najiba ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya, duk haushin watannin nan ya sake ta. Wayarta ta yi ƙara a cinyarta: "An ɗaura, matata."

Ta rubuta da yatsa mai lalle: "Na ji, mijina. Sannu da aiki."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa damina ta yi kyau a ƙasar Kurfai, ya kuma ƙara wa Najiba haƙuri, don za ta buƙace shi.